Takardun Amana Biyu: Granada a Hannun Sifaniya, Alsas a Hannun Faransa

Cin gari da yaƙi aiki ne na watanni, wani lokaci ma na yini guda. Abin da ke cinye shekaru shi ne abin da ke biyo baya: yadda mutanen da aka ci za su riƙa biyan haraji ba tare da an tsaya musu da takobi a ka ba, su kai ƙararsu gaban alƙalin sabon sarki, 'ya'yansu su tashi ba su san wani mai ƙasa ba sai shi. Sarakunan Turai na tsakanin ƙarni na 15 da na 18 sun sha fama da wannan, kuma akwai wurare biyu da nake ganin in aka jera su, kowanne yana haska ɗan'uwansa. Na farko shi ne Granada, daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus, wadda ta faɗa hannun Fardinan na Aragon da Isabela ta Kastil a 1492. Na biyu shi ne Alsas, lardin da ke gaɓar yamma ta kogin Rhine, wanda Faransa ta sa ƙafa a cikinsa a 1648, ta kuma kusa gama haɗiye shi a 1681, lokacin da birnin Strasbourg ya buɗe wa Louis na 14 ƙofofinsa.

Kusan shekara 190 ke tsakanin faɗuwar biranen biyu, amma kamanninsu suna da yawa. A duka biyun sarki ɗan Katolika ne, ya kuma sami talakawan da ba harshensa suke yi ba. Mutanen Granada Musulmi ne masu Larabci. Mutanen Alsas Jamusanci suke yi, kuma ko da yake da yawansu 'yan Katolika ne, Strasbourg da wasu yankunan arewacin lardin mabiya Luther ne tun ƙarni na 16. Duka biyun suna bakin iyaka, da 'yan'uwa a tsallaken ruwa: Granada teku ne tsakaninta da Maroko da Aljeriya, Alsas kogi ne tsakaninsa da ƙasashen Jamus. Kuma a duka biyun ba hawa ganuwa aka yi aka shiga babban birnin ba, takardar amana aka rubuta.

Ta Granada an sa mata hannu a ranar 25 ga Nuwamba, 1491, bayan an daɗe ana yi wa birnin ƙawanya, kuma Sarki Abu Abdullahi Muhammad ya miƙa mabuɗan fadar Alhambra a ranar 2 ga Janairu, 1492. Wanda ya bi sharuɗɗanta, waɗanda suka haura sittin, zai yi mamakin yalwarsu. Masallatai da wakafinsu na nan a hannun masu su. Alƙalan Musulmi ne za su ci gaba da yi wa Musulmi shari'a. Ba za a tilasta wa kowa barin addininsa ba, har wanda asalinsa Kirista ne ya musulunta. Ba za a sa su ɗaura wata alama a tufafi ba, ba kuma za su biya fiye da harajin da suke biyan sarakunansu ba. Wanda ya ga ya fi son ƙetarawa Arewacin Afirka, za a ɗauke shi a jirgin ruwa kyauta har tsawon shekara uku.

Ta Strasbourg kuwa an sa mata hannu ne a ƙauyen Illkirch a ranar 30 ga Satumba, 1681, ba a lokacin yaƙi ba, bayan waziri Louvois ya kewaye birnin da sojoji wajen dubu talatin. Ta fi ta Granada gajarta, amma tana kama da ita a zuciya. Birnin zai riƙe majalisarsa da kotunansa da jami'arsa da kuɗin shigarsa. Mabiya Luther za su ci gaba da ibadarsu da makarantunsu. Abu biyu sarki ya karɓa a fili: makaman birnin, da babbar majami'ar nan mai dogon hasumiya, wadda ya mayar wa 'yan Katolika bayan ta daɗe a hannun Furotesta. In takarda kaɗai za a duba, mutanen Granada ne suka fi samun rangwame, domin su ba a ce su ba da babban masallacinsu a ranar farko ba.

Mutanen da aka fara turawa ma, na Granada ba su da abin kushewa sosai. An bar tsaron ƙasar a hannun Tendilla, basarake mai sassauci da ya zauna a Alhambra, aka naɗa Hernando de Talavera babban bishop na farko. Talavera yana son Musulmi su bar addininsu, bai ɓoye wannan ba, amma yana ganin hanyar ita ce wa'azi da haƙuri. Ya sa limamansa su koyi Larabci, kuma a ƙarƙashin inuwarsa ne Pedro de Alcalá ya wallafa nahawu da ƙamus na Larabcin Granada a 1505. A Alsas kuwa abin da Faransa ta fara turawa kantoma ne da alƙalai. An kafa babbar kotun lardi a Ensisheim a ƙarshen shekarun 1650, ta yi zama a Breisach, daga baya ta zauna a Colmar a 1698. Kantomomi irin su Colbert de Croissy, da Jacques de La Grange wanda ya riƙe lardin daga 1673 zuwa 1698, aikinsu shi ne sanin wa ya mallaki me, wa ke bin wa haraji, da lallaɓa sarakunan gargajiyar yankin su yi wa sarkin Faransa mubaya'a. Kotun nan da dokokin gida da al'adun Alsas take yanke hukunci, sai dai da sunan sarki take yankewa, kuma ita ce maƙurar ɗaukaka ƙara. A hankali mutum ya saba da cewa ƙarshen shari'arsa Colmar ne, ba wata kotun sarkin sarakunan Jamus ba. Wato tun daga farko Sifaniya ta sa limami a gaba, Faransa ta sa alƙali.

Amanar Granada ba ta kai shekara takwas ba. A 1499 Francisco Jiménez de Cisneros, babban bishop na Toledo, ya iso birnin ya ga cewa tafiyar Talavera ta yi masa sanyi. Ya fara da kyauta ga manya da kurkuku ga masu taurin kai, ya shiga yi wa jama'a baftisma a taro, ya kuma sa hannu a kan mutanen da takardar ta ambata ta kare su, wato waɗanda suka musulunta daga Kiristanci da 'ya'yansu. A Disamba na shekarar unguwar Albaicín ta yi bore, wutar ta kama duwatsun Alpujarras har zuwa 1501. Fada ta ce tunda sun ɗaga makami, takardar ta warware. Aka tara littattafan Larabci a dandalin Bib-Rambla aka ƙone, aka ware na likitanci. A 1502 doka ta fito cewa duk Musulmin da ke ƙasar Kastil ya karɓi baftisma ko ya fita, kuma an ƙuntata hanyoyin fitar yadda yawancin mutane ba su da zaɓi. Masallatai suka koma coci, dukiyar wakafi ta bi su. Daga ranar babu Musulmi a Granada a hukumance, sai “sababbin Kiristoci”, waɗanda tarihi ya sani da Morisko. Halin da suka shiga ya kai ga wani malami, Ahmad ibn Abi Jum'a, ya aiko musu da fatawa a 1504 yana yi musu sauƙin yin salla da ishara da ɓoye imani a zuci in an tilasta su.

Strasbourg ma ta zo kan irin wannan gaɓa, shekara huɗu kacal bayan miƙa wuya. A Oktoba 1685 Louis na 14 ya soke dokar Nantes wadda ta bai wa Furotestan Faransa 'yancin ibada tun 1598. Aka rushe majami'unsu, aka kori fastocinsu, aka sauke sojoji a gidajen mutane har sai sun sa hannu sun tuba, kuma wajen mutum dubu ɗari biyu suka tsere zuwa Holan da Ingila da Jamus da Suwizalan. Sarkin da ya yi wannan a Languedoc da Poitou bai miƙa dokar zuwa Alsas ba. Fasto ya ci gaba da wa'azinsa da Jamusanci a Strasbourg a daidai lokacin da ake tura 'yan'uwansa na kudancin Faransa tuƙin jiragen yaƙi a cikin sarƙa.

Kada a ɗauka cewa an bar su sun sake. Faransa ta matsa, sai dai da kafaɗa ta matsa. Tun 1684 aka sa dokar cewa duk ƙauyen Furotesta da ke da gida bakwai na 'yan Katolika, dole a ba su wurin bagade a cikin cocin ƙauyen, shi ya sa har yau akwai coci da dama a Alsas da ɗarikun biyu ke amfani da su tare. Wanda ya koma Katolika ana ɗauke masa haraji na shekara uku, a kuma dakatar da masu binsa bashi. 'Ya'yan da aka haifa ba aure, a Katolika ake renon su. Muƙaman ƙauye da na gunduma an ce sai ɗan Katolika. A 1685 aka ɗora wa majalisar Strasbourg wakilin sarki wanda ba a yanke komai sai da saninsa, a 1687 kuma aka ce kujerun majalisar karɓa-karɓa za a yi tsakanin ɗarikun biyu, alhali 'yan Katolika 'yan tsiraru ne a birnin a lokacin. 'Yan Jesuit suka buɗe makarantu, sojoji da ma'aikata da baƙi 'yan Katolika suka yi ta shigowa, har kafin ƙarshen ƙarni na 18 suka kamo mabiya Luther a yawa. Duk wannan cin gefen amana ne, kuma waɗanda aka yi wa sun ji zafinsa. Amma wanda ya ƙi sauya ɗarika bai rasa gidansa ba, bai kuma tsaya gaban kotun binciken aƙida ba.

Inda bambancin ya fi fitowa, a ganina, shi ne batun harshe da sutura, domin nan ne gwamnatocin biyu suka rubuta doka kusan iri ɗaya. A 1526 Sarki Carlos na 5 ya zo Granada, ya tara malaman coci, suka yanke cewa baftisma kaɗai ba ta isa ba, sai Morisko sun bar Larabci da tufafinsu da sunayensu da yadda suke yanka dabba. A shekarar aka kawo kotun binciken aƙida birnin. Morisko suka tara kuɗi masu yawa suka sayi jinkirin shekara arba'in. Da wa'adin ya cika, ɗansa Felipe na 2 ya ƙi karɓar kuɗi. A ranar 1 ga Janairu, 1567 aka yi shela: cikin shekara uku kowa ya koyi harshen Kastil, bayan nan magana ko karatu ko rubutu da Larabci laifi ne, duk takardar ciniki da aka rubuta da shi ta ɓaci, mata su buɗe fuska, a rushe gidajen wanka, a bar ƙofar gida a buɗe ranar Juma'a da ranar biki, a bar lalle da kaɗe-kaɗen aure.

Wani dattijo daga cikinsu, Francisco Núñez Muley, wanda ya tashi a gidan Talavera tun yana yaro, ya rubuta wa shugaban babbar kotun Granada takardar koke, kuma hujjojinsa suna da nauyi har yau. Ya ce tufafin nan na yanki ne ba na addini ba, kamar yadda kowane lardi a Kastil yake da shigarsa. Ya ce akwai Kiristoci a Gabas da tsibirin Malta da ke magana da Larabci, ba wanda ya ce imaninsu ya ragu. Ya tambaya yadda tsofaffin ƙauye za su koyi sabon harshe cikin shekara uku, da abin da zai sami gonakin mutane in aka soke takardun mallakarsu. Ya kuma lissafa asarar da baitulmalin sarki zai yi. Ya yi magana ne a matsayin talakan sarki mai biyayya, yana neman a raba tsakanin biyayya da al'ada. Ba a saurare shi ba.

A Alsas, a 1685, majalisar sarki ta ba da umarnin a riƙa rubuta duk takardun shari'a da na hukuma da Faransanci, kantoma kuma ya yi shelar a koma shigar Faransawa. Dokokin biyu kusan a kan takarda suka tsaya. Majalisar Strasbourg ta yi ƙorafi, ƙananan kotuna suka ci gaba da Jamusanci, babbar kotun Colmar ta riƙe tafintoci, kuma su kansu umarnin kantoma ana buga su da harsuna biyu. Ba a kafa makarantun tilasta Faransanci a ƙauyuka ba. A farkon ƙarni na 18 ma maganar da ke fitowa daga ofishin baitulmali a Versailles ita ce kada a taɓa al'adun Alsas. Lokacin da marubucin Jamus Goethe ya zo karatun lauya a jami'ar Strasbourg a 1770, kusan shekara casa'in bayan Illkirch, gari mai Jamusanci ya tarar a ƙarƙashin tutar Faransa. Raba biyayya da al'adar da Núñez Muley ya roƙa aka hana shi, shi aka bai wa mutanen Alsas ba tare da sun yi dogon roƙo ba.

Aljihu ma haka. Morisko na Granada suna biyan zakkar coci kamar kowane Kirista, sannan ga wani haraji na musamman, farda, wanda nauyinsa a kansu yake. Siliki ne ƙashin bayan arzikinsu, kuma a shekarun 1550 da 1560 aka takura fitar da shi, aka ƙara masa haraji. A daidai lokacin aka turo alƙalai su binciki takardun filaye, wanda bai nuna shaidar da suka yarda da ita ba ya biya tara ko ya rasa gonarsa. Alsas kuwa Faransa ta bar shingen kwastan ɗinta a bayan lardin, ta bar gaɓar Rhine a buɗe, har 1790. Ɗan kasuwar Strasbourg ya ci gaba da kai giya da taba zuwa Frankfurt da Basel kamar yadda kakansa ya yi. Haraji ya ƙaru da shekaru, kuma ciyar da sojoji da aikin ganuwa sun gallabi manoma, amma ba a ware wani haraji a kan mabiya Luther don su mabiya Luther ne ba. Gwamnatocin biyu duk sun kawo baƙi. Louis ya yi shela a 1662 yana kiran 'yan Katolika su zo su nome gonakin da Yaƙin Shekara Talatin ya bar kango, mutanen Suwizalan da dama suka zo. Su gonakin da babu kowa suka cike. Baƙin da Felipe ya kawo Granada bayan 1571, bayan tawayen da za mu zo kansa, gonakin da aka kori masu su suka tarar.

Sai batun manyan gari, wanda sau da yawa shi ke yanke makomar irin wannan lardi. A Granada fada ta ƙarfafa wa manya su tafi. Shi kansa Abu Abdullahi, bayan an ba shi ƙasa a Alpujarras, ya sayar ya ƙetara Fas a 1493. Malamai da attajirai da yawa suka bi, aka bar talakawa ba jagora. Cikin waɗanda suka tafi akwai iyalin wani yaro, Alhasan al-Wazzan, wanda ya girma a Fas, Turawa suka san shi da Leo Africanus, kuma a littafinsa na bayanin Afirka ya yi magana a kan Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Zamfara. Wasu gidajen sarauta sun zauna sun karɓi Kiristanci sun sami muƙami, kamar zuriyar Granada Venegas, amma su 'yan kaɗan ne. Ga sauran, ƙofa rufewa take ƙara yi. Dokokin “tsarkin jini”, waɗanda babbar majami'ar Toledo ta ɗauka a 1547 wasu hukumomi da dama suka bi, sun hana jikan Musulmi ko na Bayahude shiga manyan kwalejoji da kujerun coci da ƙungiyoyin barade, ko da kakansa ne ya yi baftisma. An ce wa mutum dole ya zama Kirista, da ya zama aka ce jininsa bai zama ba.

A Alsas kuwa wanda ya matso, an biya shi. Wakilin sarki na farko a majalisar Strasbourg, Ulrich Obrecht, ɗan gari ne, malamin jami'a, wanda ya bar ɗarikar Luther ya koma Katolika, ba kuma wanda ya bi shi da tambayar jinin kakansa. Sarakunan Jamus masu ƙasa a cikin lardin, irin su gidan Hanau-Lichtenberg da na Württemberg, an bar musu ƙasarsu da kotunansu da harajinsu muddin sun amince sarkin Faransa ne a sama. 'Ya'yan masu sarauta sun sami hafsanci a rundunonin sarki masu magana da Jamusanci. Har Furotestan da bai sauya ba yana da jami'arsa da kasuwarsa da rabin kujerun majalisa.

Abin da ya biyo baya sananne ne. A daren Kirsimeti na 1568 Alpujarras ta sake tashi, ta naɗa wani ɗan majalisar birnin Granada, Fernando de Válor, sarki da sunan Ibn Umayya. An yi shekara biyu da wani abu ana yaƙi mai muni, 'yan tawaye suka kashe limaman coci a ƙauyuka, sojojin sarki ƙarƙashin Don Juan na Austria suka yi kisan kiyashi a Galera, aka sayar da dubban mata da yara bayi. Bayan nan aka kwashe wajen mutum dubu tamanin daga ƙasar Granada aka warwatsa su cikin Kastil, da yawa suka mutu a hanya. Ƙauyuka da dama ba a sake zama a cikinsu ba, noman siliki bai koma yadda yake ba. Tsakanin 1609 da 1614 Felipe na 3 ya kori Morisko daga Sifaniya baki ɗaya, wajen mutum dubu ɗari uku, dukkansu masu baftisma. Alsas kuwa mutanenta sun ninka fiye da sau biyu a ƙarni na 18. A Strasbourg aka tsara waƙar da ta zama taken Faransa, a Afrilu 1792. Kellermann da Kléber, janar-janar na juyin juya halin Faransa, 'yan birnin ne. Da Jamus ta ƙwace lardin a 1871, wakilansa a majalisar Faransa sun tashi sun yi tir da rabuwar, alhali yawancin waɗanda suka zaɓe su Jamusanci suke yi a gida.

Yanzu me ya kawo wannan? Ba zan ce Louis ya fi Isabela ko Felipe tausayi ba. Sojojinsa ne suka ƙone Heidelberg da Speyer da Worms a 1689, ba nisa da Alsas, kuma mun ga abin da ya yi wa Furotestan ƙasarsa. Akwai kuma abubuwan da adalci ya sa a ɗora a ma'aunin Sifaniya. Tazarar da ke tsakanin Katolika da mabiyin Luther ba ta kai wadda ke tsakanin Katolika da Musulmi ba a idon mutanen zamanin, bayan ƙarnoni na yaƙi a Andalus. Rabin aikin Louis ma an riga an yi masa, tunda yawancin mutanen Alsas addininsa suke bi. Tsoron Felipe kuma ba na banza ba ne: Turkawa sun kewaye Malta a 1565, jiragen 'yan fashin teku daga Arewacin Afirka suna kai hari gaɓar Granada, wani lokaci da taimakon mutanen ƙauye, kuma mayaƙa sun ƙetaro daga Aljeriya a lokacin tawayen. Sannan Louis ya zo ne bayan Turai ta sha jini shekara talatin a kan addini ta koyi wani abu, Isabela kuwa ta yi zamaninta kafin wannan darasi.

Amma Alsas ma bakin daga ne, kuma rundunonin sarkin sarakunan Jamus sun sha ƙetaro Rhine. Tsoro iri ɗaya ne, amsar ce ta bambanta. Faransa ta kai tsoronta kan dutse da tubali: injiniyan sarki Vauban ya gina wa Strasbourg ƙaton sansani, ya gina Huningue da Neuf-Brisach, aka zuba sojoji, aka ƙyale manomi da harshensa. Sifaniya ta kai nata tsoron cikin ɗakunan mutane, tana leƙa abin da suke ci da ranar da suke wanka, har ta haifar da tawayen da take gudu. A nan ina ganin hanyar Faransa ta fi, ta fi a hikima ta kuma fi a adalci, domin ta nemi abin da sarki zai iya samu ya kuma iya tabbatarwa, wato haraji da mubaya'a da ganuwa, ta buɗe ƙofa ga wanda ya so ƙarin kusanci. Sifaniya ta nemi abin da ke cikin zuciya, wanda ba dogarin da zai iya gani, ta kuma ƙi yarda da shi ko da an ba ta.

Sai dai ban yarda cewa hikima ce kaɗai ta riƙe hannun Louis ba. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. Addinin mabiya Luther na Alsas yana rubuce a yarjejeniyar Westphalia ta 1648, wadda Faransa da Suwidin suka tsaya mata, kuma da wannan yarjejeniyar Louis yake kafa hujjar mallakar lardin. In ya yage sashen addini, ya raunana takardar mallakarsa, ya kuma fusata sarakunan Furotesta na Jamus da yake zawarci. Musulmin Granada ba su da irin wannan. Takardarsu tsakaninsu ce da wanda ya ci su, ba shaida mai ƙarfi. Sun kai kuka ga Sarkin Turkawa Bayazid na 2 da ga sarkin Mamluk na Masar, Fardinan ya tura jakadansa Pedro Mártir zuwa Alƙahira a 1501 ya lallashi Sarki Ƙansuh al-Ghuri, magana ta mutu a nan.

Shaidar wannan tana cikin Alsas ɗin kanta, a wurin waɗanda Westphalia ba ta ambata ba. Akwai 'yan ɗarikar Anabaptist, manoma masu ƙin ɗaukar makami da suka gudo daga Suwizalan suka zauna a kwarin Sainte-Marie-aux-Mines, waɗanda su ma masu ƙasa suka shaida ƙwarewarsu a noma da kiwo. Ba wani sarki a Turai da ke bin ɗarikarsu. A 1712 Louis ya ba da umarnin a kore su daga lardin, suka watse zuwa Montbéliard da Lorraine da Zweibrücken. Yahudawan Alsas, waɗanda ƙidayar 1784 ta samu kusan dubu ashirin, an bar su a ƙauyuka suna biyan kuɗin kariya ga masu ƙasa, amma Strasbourg, a ƙarƙashin gatan da takardar Illkirch ta tabbatar mata, ta ci gaba da hana su zama a cikin birni, sai su shigo da rana su fita da yamma, har juyin juya hali ya ba su 'yancin zama 'yan ƙasa a 1791.